Takalmin da Bai Taka Ciyawa Ba

Da bakina na hana wani yaro tafiya. Sunansa Nasiru, ɗan Saulawa, kuma a iya zamana ban ga mai ƙafar hagu irinsa a ƙasar Ikara ba. Ya kawo mini takalmin ƙwallo in gyara. Na gyara, na kuma faɗi abin da na gani a jikin takalmin. Labarin ke nan. Sauran bayani ne, saboda ku samarin da kuke zuwa rumfata kuna cewa in koya muku aikin nan a wata ɗaya.

Sunana Hudu. Shumeka ne ni a bakin tashar Ikara, shekara talatin da 'yan kai. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Kayan aikina ba su cika akwati ɗaya ba: basilla biyu, mai ƙugiya da miƙaƙƙiya, lanƙwasasshiyar allura ta rufe ƙwallo, zaren nailan, kakin zuma, wuƙa, guduma, gam, da ƙafar ƙarfe da ake kifa takalmi a kai a daka. Sai buhu. Ku riƙe buhun nan a ranku, za mu dawo kansa.

Kuna ganin mutum zaune a inuwa yana soka allura, sai ku ce ai wannan hutu ne. Ku zo ku taɓa tafin hannuna. Zare ya yanka shi ya warke, ya sake yankawa, har ya daina jini.

A Makarfi na koya, wurin Malam Iro, Allah ya jiƙansa. Da girmana na je, bayan damina biyu a jere ta ƙi mu a gona. Wata shida bai ba ni basilla ba. Zare nake shafa wa kaki, in wanke takalma, in kankare tsohon gam har farcena ya ƙare. Wata ranar kasuwa wani dillalin rake ya zo da babbar riga ta shadda, sai ƙamshi yake. Ya cire takalmi ya ce a duba masa, ya ari silifas ya tafi masallaci. Na juya takalmin, na ga rami a tsakiya an toshe da kwali. Na ɗaga na nuna wa mai shayin da ke kusa da mu, muka yi dariya. Malam Iro ya miƙo hannu ya karɓe, ya tura shi ƙarƙashin buhun da yake rufe kayan mutane da shi.

Ya ce, "Hudu, matso nan. Mutum yana rufe kansa da riga, ya rufe da hula, ya rufe da magana. Ƙasan ƙafarsa ne ba ya iya rufewa, shi ne ya kawo maka. Abin da takalmi ya gaya maka, tsakaninka da takalmi ne. In ba za ka iya ba, ga hanyar Ikara can."

Kwana uku bai sake yi mini magana ba. Na zaci na koyi darasin.

Ƙwallon farko da na ɗinka ta ƙungiyar Bakin Tasha ce, ƙungiyar unguwarmu, bayan na dawo gida na kafa rumfa. Ƙaya ta yage ta a filin makaranta. Ƙwallo daga ciki ake ɗinka ta. Ka warware gaɓa ɗaya, ka zaro robar ciki, ka juye fatar kamar hula, ka bi tsofaffin huda ɗaya bayan ɗaya, kada ka buɗe sabuwa. Wahalar tana ɗinkin ƙarshe, lokacin da ka mayar da roba kuma hannunka ba ya shiga. Da lanƙwasasshiyar allura za ka rufe daga waje, ba ka ganin bakin allurar. In ka zurfafa kaɗan ka huda robar, aikin wuni ya tashi a banza. Na huda ta ranar. Na sake buɗewa, na liƙe, na sake rufewa. Aka buga wasa da ita aka ci, daga nan duk ƙwallon ƙungiyar da takalman yaranta wurina suke zuwa.

Takalmin ƙwallo daban yake da na zuwa biki. Filinmu jar ƙasa ce, da rani kamar siminti. Tana cin gaban takalmi, tafin ya buɗe baki. Sai ka wanke ƙura tas, ka kankare, ka shafa gam a ɓangare biyu, ka bar shi ya sha iska har in ka taɓa ba ya bin yatsa. Sannan ka haɗa, ka daka, ka tsaga siririyar hanya a tafin da wuƙa, ɗinkin ya kwanta a ciki don kada ƙasa ta ci zaren. Wanda ya tsallake hanyar nan, wasa biyu aikinsa zai yi.

Kuma takalmi yana magana. Mai tsaron baya dunduniya yake ci. Ɗan gaba, baki. Wanda yake ɓoye ciwo a idon sawu, gefen waje ne ke siɗewa, don a can yake sauke nauyi. Na san yara da yawa da suka yi wata biyu suna buga wasa da ciwon da koci bai sani ba. Ban taɓa faɗa ba. In na gani sai in ƙara soso a ciki, in ce wa yaron ya je a duba shi, shi ke nan.

Nasiru tun yana buga wasa da kambas nake masa gyara. Cikin ƙafarsa ta hagu, inda yake murɗa ƙwallo, nan ne kullum yake hujewa. Sai na riƙa sa masa faci na jar fata a wurin, ninki biyu. Duk garin an san facin nan. In ya ajiye ƙwallo zai buga, yara a bakin fili sai su riƙa ihu, "Jan faci! Jan faci!"

To, shekarar da abin ya faru. A gasar da muke bugawa, ana buɗe rajista wata guda kafin a fara. A watan nan ne ɗan wasa yake iya sauya ƙungiya, in shugabansa ya sa hannu a takardar sallama. Samari suna ce mata kasuwar 'yan wasa, kamar yadda suke ji ana faɗa a rediyo game da na Turai. In ta rufe, ta rufe, sai wata shekara.

Shugabanmu a lokacin Alhaji Ɗanladi ne, mai sayar da takin zamani. Mako biyu da buɗe kasuwa, golanmu ya koma wata ƙungiya a Kudan. Bayan kwana huɗu, babban mai tsaron bayanmu ya koma Makarfi. Alhaji ya sa musu hannu, ya ce za a kawo waɗanda suka fi su. Duk wanda ya tare shi da tambaya, amsa ɗaya ce: ana magana. Har aka sa masa suna Alhaji Ana-Magana.

Benci ɗaya gare ni a gaban rumfa, a nan magoya baya suke taruwa da hantsi kafin motoci su cika. Jagoransu Bala ne, ɗan kamasho a tasha, shi ke kaɗa ganga a fili. Muryarsa daga bakin kasuwa ake jin ta.

"Baba Hudu, ka ji abin da muka sayo kuwa?"

"Ban ji ba."

"Iska! Buhu biyu, an sauke a shagon Alhaji."

Wani ya ce, "Haba Bala, ai an ce ana magana."

"Tun ina da gashi a kai ake maganar nan. Wa zai tsaya mana a raga, kakarka?"

"Kakata ta fi wanda ya tafi kama ƙwallo."

Haka kullum. Kowa da waya a hannu, wannan ya ce an ga Alhaji a Zariya da wani dogo, wancan ya ce ƙarya ne, taki ya je saye. Suna da gaskiyarsu. Su ne suke hawa bayan a-kori-kura su bi ƙungiya har Gazara cikin ruwan sama, su suke share fili, su suke zuba farar ƙasa a layi. Mutum bai isa ya ciyar da su da kalma biyu wata guda ba. Ni ma ɗan ƙungiyar ne, ba na ɓoyewa, kuma raina a ɓace yake kamar nasu.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe, Nasiru ya zo da sassafe kafin benci ya cika, da leda a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali, na tambayi babansa da masarar bana. Sannan ya zaro takalmi. Na gwanjo ne, amma fata ce ta gaske, tafin ya ɗan saki a gaba. Na juya shi. Haƙoransa na ƙarfe ne, dogaye, guda shida, irin waɗanda ake ɗaurawa ana kwancewa.

Na ce, "Wannan a filinmu? Idon sawu za ka karya."

Ya ce, "Baba, ka ɗinka mini kawai. Ka sa facin da ka saba. Ranar Alhamis da safe nake so, don Allah."

Na dube shi, ya dubi ƙasa. Ban ƙara tambaya ba, don takalmin ya riga ya ba ni amsa. Ba a taka jar ƙasa da dogon haƙori. Na ciyawa ne, ciyawar da ake yi wa ban ruwa, kuma babu irinta daga nan har Kudan. Yaron birni zai tafi, babbar ƙungiya ta kira shi.

Ranar Talata na ɗinka facin, na shafa gam. Gam yana son iska, ba a rufe shi. Akwai dakali a bayan rumfata inda nake shanya irin wannan aiki. Ban kai shi can ba. Na kifa shi a kan tebur a gaban benci, haƙora a sama. Bala ya zo ya ɗauka.

"Kai! Wannan na wane Bature ne?" Ya juya shi, ya ga jar fata. "Baba, ai wannan facin Nasiru ne."

Bala bai san haƙori ba. Ganga ya sani. Da na ce masa ajiye mini kayan mutane, da ya ajiye, ya ce yaro ya yi sabon takalmi, a wuce wurin. Buhun yana ƙarƙashin ƙafata, ina jin sa da dunduniya.

Sai na ce, "Bala, shekara goma kana kaɗa ganga a bakin fili, ka taɓa ganin an taka ƙasarmu da wannan? Na ciyawa ne. Akwai ciyawa a Ikara?"



Na ƙara da cewa, "Kuma ranar Alhamis ake son sa."

Babu wanda ya tambaye ni wannan. Ni na ƙara. Ina so su san na san abin da ba su sani ba, kuma ba na so yaron ya tafi. Gaskiyar ke nan, ba zan yi mata ado ba.

Kafin azahar labari ya kai Saulawa ta waya. Bayan la'asar mutane suka cika gaban shagon Alhaji, 'yan acaɓa, 'yan tasha, manoma da suka baro gona. Na rufe akwatina na je na tsaya daga baya. Alhaji ya fito bakin ƙofa da carbi a hannu.

Bala ya ce, "Alhaji, ka ba da gola, mun yi shiru. Ka ba da mai tsaron baya, mun yi shiru. Yanzu idonmu za ka ƙwaƙule?"

Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi haƙuri, jama'a, ana magana..."

Bai ƙarasa ba. Ihu ya tashi. Wani ya hankaɗe buhun taki ya fashe a ƙasa. Wani dattijo daga cikin manoma ya ce in Nasiru ya tafi, bana ko mudu ɗaya ba za a saya a shagon nan ba, kuma mutane suka amsa masa. Lokacin sa taki ne. Na ga fuskar Alhaji ta sauya.

Bala ya ce, "Ka rantse ba za ka sa hannu ba."

Alhaji ya dubi taron, ya dubi shagonsa. Ya ce, "Wallahi ba zan sa ba."

Aka yi ta tafi, aka kaɗa ganga har tasha, kamar an ci kofi.

Ranar Laraba baban Nasiru ya hau keke daga Saulawa ya sami Alhaji. Ya ce masa rantsuwa tana da kaffara, shi zai ciyar da mutum goman daga rumbunsa, a dai sa wa yaro hannu. Alhaji ya ce, "Malam, kaffara tana wanke ni wurin Allah. Wa zai wanke ni wurin 'yan tasha?" Tsohon ya hau kekensa ya koma.

Ranar Alhamis da safe Nasiru ya zo. Na gama takalmin, kuma ban taɓa yin ɗinki mai kyansa ba. Ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Ya ɗauka, ya bi ɗinkin da yatsa, ya danna facin.

Ya ce, "Aiki ya yi kyau, Baba."



Ya ajiye shi a kan tebur ya ce, "Ka riƙe a wurinka. Ba inda za ni."

Bai tambaye ni kome ba. Ya san wanda ya faɗa, duk garin an sani. Ranar Juma'a kasuwa ta rufe, tamu da ta mutanen birni.

Bayan mako guda Alhaji ya tsayar da mashin a gaban rumfata, bai sauka ba. Na tashi na gaishe shi.

Ya ce, "Hudu, ka san maganar da ake yi? Mutanen birnin nan sun yarda in na sallami Nasiru za su ba mu aron yaransu biyu, gola da mai tsaron baya. Waccan Alhamis ɗin ya kamata su zo a motar da za ta ɗauke shi. Na yi shiru ne don na san tasha. Kwana biyu kawai nake nema."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ka gaya wa mutane gaskiya tun farko, da ba a kai nan ba."

Ya ce, "Na sani." Ya tayar da mashin ya tafi.

Yana da laifi. Amma laifinsa bai rage nawa ba. Magana zarar bunu ce, kuma ni na zara.

Shekarar nan ita ce mafi muni a sana'ata. Muka shiga gasa ba gola, aka sa wani ɗan tsakiya a raga. Nasiru ya ci ɗaya, a ci mu uku. Kafin a kai rabi, mutanen da suka hana shi tafiya su ne suka koma zaginsa, wai jikinsa ne a nan, zuciyarsa tana birni. Ranar da ya zubar da fenariti a Kudan, da kunnena na ji Bala yana cewa da an sani an bar shi ya tafi. Alhaji ya ajiye shugabanci. Ƙungiya ta rabu biyu, kowane ɓangare ya riƙe rabin riguna.

Ni kuma takalman ƙwallo suka daina zuwa. Ranar kasuwar Makarfi sai in ga yaranmu suna shiga mota da leda a hammata. Na tare ɗaya, yaron da na yi wa gyara tun yana firamare, na ce me na yi masa.

Ya ce, "Ba kome, Baba. Ƙafata ce take da abin da ba na so a ji a tasha."

Daidai ya yi.

Shekara uku silifas nake ɗinkawa, da takalman roba na manoma, da kujerar mashin, da bokitin da ya tsage. Ban raina su ba, su suka riƙe gidana. Amma hannun da ya saba rufe ƙwallo ya san bambanci. A hankali wasu sabbin yara suka taso waɗanda ba su san labarin ba, aiki ya ɗan dawo. Bai dawo duka ba.

Da aka sake buɗe kasuwa, mutanen birni sun riga sun sami wani mai ƙafar hagu. Ba su jira ba, kuma ba wanda zai ce su jira. Nasiru ya ƙara shekara biyu yana bugawa, sannan ƙarfin babansa ya ƙare, ya karɓi gona. Yanzu tumatir da barkono yake nomawa. Ban ce da ya tafi da ya zama wani abu ba. Da yawa sun tafi sun dawo da jaka kawai. Amma da ya tafi, da ƙafarsa ce ta yanke hukunci, ba bakina ba.

Har yau duk shekara in kasuwar nan ta buɗe, bencina yana cika. Wasu kan ƙungiyar gida suke faɗa, wasu kan na Turai da suke kallo, wai shugabanni sun yi barci, ba a sayo kowa ba, an sayar da wanda bai kamata ba. Sukan ce, "Baba Hudu, kai me ka gani?" Sai in ce zare nake gani.

Saboda haka ku da kuke son koyo, ku zo. Ɗinki zan koya muku a shekara, in kuna da haƙuri. Rufe ƙwallo, shekara biyu. Na ukun, riƙe baki, ban san tsawonsa ba, don ni da na yi shekara ashirin ina ganin na iya, a hantsi ɗaya na zubar.

Ina nan bakin tasha, rumfa ta uku daga wurin masu shayi. Idona ya rage, sai da tabarau nake zura zare. Nasiru yakan biyo ranar da ya kawo tumatir, ya kawo mini takalmin makarantar 'yarsa. Mukan gaisa, in tambayi gona, ya tambayi iyali. Bai taɓa tambayar wancan takalmin ba. Duk damina ina shafa masa mai don kada fatar ta bushe, in mayar da shi ƙarƙashin buhu, inda ya kamata ya kasance ranar Talatar nan.